Ƙwaya ta Talatin da Bakwai

Carbin Mama Sisiliya ba cikakke ba ne.
A goma ta huɗu, inda ƙwaya ta bakwai ya kamata ta zauna,
maɓalli ne shuɗi, mai huji huɗu,
daga rigar aikin Baba Didam,
ta zamanin da masaƙar Kakuri kan busa jiniya
unguwa ta tashi kamar an tone gidan tururuwa.

Zaren ya tsinke ne a makon da aka garƙame masaƙar.
Ta tsinto ƙwayoyin a ƙarƙashin gado, a bayan randa,
har cikin takalmin ƙanena.
Ɗaya ta ƙi fitowa.
Ta ce, "Ƙyale ta, Uwar Yesu ce ta riƙe jingina."
Ta ciro maɓalli, ta zura, ta ja ƙullin da haƙori.

Tun daga nan, kowane dare,
in an kashe risho, an kankare tukunyar fate,
mukan durƙusa a tabarmar roba
har gwiwoyinmu su kwashe zanenta.
Ita tana ja, muna amsawa,
rabi addu'a, rabi hamma.
Da yatsanta ya iso maɓallin
sai muryarta ta sauka, ta yi sanɗa,
kamar mai ɗauke da ƙwai za ta tsallake kwata.
Ba ta taɓa faɗin abin da take roƙo a wurin ba.
Baba, can bakin ƙofa, rediyo a kunne,
sai ya rage sauti.

Na girma, na yi wayon 'yan boko.
Na ce, "Mama, Allah kurma ne
da za a nanata masa magana ɗaya sau hamsin?"
Tana tankaɗen acca, ko ɗagowa ba ta yi ba.
"Ke sau nawa kika ce Mama tun da na haife ki?
Na taɓa cewa na ji, ya isa?"

Kuɗin sallamar Baba ba su zo ba
har muka kai shi Zonkwa muka rufe.
Jiniya ba ta sake kuka ba.
Ciyawa ta cinye layin dogo.
Ita dai ba ta fasa ba, ko daren da zazzaɓi ya kayar da ita.

Ranar tata, Fada Kazah ya shafa mata mai a goshi da tafuka.
Matan Zumunta suka cika tsakar gida da zane iri ɗaya.
Suka ce a naɗe mata carbinta a hannu, ta tafi da shi.
Na naɗe mata sabo, fari, na kanti.
Tsohon na cusa a rigata.

Wata uku yana ƙona ni.
Na durƙusa a ɗakin furta zunubi na ce, "Fada, na yi wa gawa sata."
Ya yi shiru. Na ji kamar yana danne dariya.
Ya ce, "Horonki ke nan: abin da kika sata, ki yi aiki da shi."

Yau Juma'a, cocinmu na Sabon Tasha ba kowa.
An ɗauke wuta.
Sai jar fitilar nan ta gefen bagade,
wadda ke cewa Mai gida yana ciki.
A waje 'yan keke suna ta rigimar canji.

Talatin da biyar. Talatin da shida.

Ga shi nan, ya lashe, ya yi santsi,
hujin huɗu sun cika da gumin shekara ashirin.
Na tanadi roƙo tun daga gida:
haya, makarantar yara, ciwon da likita ya kasa ba suna.
Duk suka watse kamar ranar da zaren ya tsinke.

Na riƙe shi kawai.
Ban ce komai ba, ba a ce mini komai ba.
Amma na ji muryata ta sauka da kanta,
ta yi sanɗa,

sannan yatsana ya wuce.